Daga Ayari Zuwa Babbar Mota: Tarihin Direbobi a Hanyar Kance

 Yau hirarmu a kan manyan motoci ce, da mutanen da ke tuƙa su. Ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Shinkafar da kake saye a kasuwa, da siminti, da taki, da maganin asibiti, kusan duka a bayan babbar mota suke iso maka. Waken da ka noma da ragon da ka kiwata su ma a mota suke fita. Saboda haka tarihin direba ya shafe ka, ko da ba ka taɓa riƙe sitiyari ba.

Bari mu ɗauki hanya guda mu bi labarinta. Ita ce wadda ta rabu da babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram a Takieta. Ta ratsa Kance da Matameye, ta nufi Dan Barto, ta shiga Najeriya ta Kwangwalam. Daga nan sai Daura, sai Kazaure, sai Kano.

Kafin zuwan mota

Ƙasar Kance tana tsakanin Damagaram da Daura da Katsina. Tun kakanninmu fatake suke ratsa wannan yanki da jakuna da raƙuma da takarkarai. Daga arewa suna kawo gishiri da kanwa da dabino da fatu. Daga kudu suna dawowa da tufafin Kano da goro. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ayari yakan taso tun daga Tarabulus, ya bi ta Abzin, ya sauka Damagaram, sannan ya wuce Kano.

Ayari yana da tsari. Madugu ne shugaba. Jagaba yana gaba, shi ya san rijiya da zango. Akwai kuma malamin ayari, mai rubuta lissafi da wasiƙa. Yaro ba ya zama madugu a shekara guda. Sai ya yi shekaru yana kora jaki, yana koyon ɗaurin kaya. Riƙe wannan a ranka, don haka aikin mota ya gāji tsarinsa.

Gyaɗa ta kira mota

Turawan Faransa sun kama Damagaram a 1899. Garin ya zama hedikwatar ƙasa daga 1911 har 1926, lokacin da aka mai da ita Yamai. A 1911 ɗin nan kuma hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano daga Ikko. Wannan ya juya fuskar ciniki. Kayan da a da suke ƙetare hamada sai suka koma bin jirgi zuwa teku.

Turawa sun sa haraji na kuɗi, kamfanoninsu kuma suna son gyaɗa, wadda mutanen Damagaram ke kira gujiya. Ƙasar Kance da Matameye da Magarya ta karɓi gyaɗa ƙwarai. Da fari jakuna da raƙuma ne suke kai buhuna Kano. Tafiyar takan ci kwanaki. Mota kuwa tana ɗaukar kayan jakuna masu yawa a tashi ɗaya.

A ƙarshen 1924 wasu motocin kamfanin Citroën, masu sarƙa a ƙafafun baya, suka ƙetare hamada suka bi ta Yamai da Damagaram. A shekarun 1930 har an sami motocin haya da ke tasowa daga Aljeriya, su bi ta Agadas da Damagaram zuwa Kano. Amma ka sani, hanyoyin farko da gumin talakawa aka yi su. Aikin tilas ne. Ana kwasar mutane daga ƙauyuka su sare itace, su ɗauki tsakuwa a ka, ba da son ransu ba. Sai a 1946 doka ta hana aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka.

A shekarun 1950 aka fara wani shiri mai suna Hirondelle. Manyan motoci suna kwasar gyaɗar Nijar zuwa Paraku, a ƙasar Dahome wadda yau ake kira Benin. Daga can jirgin ƙasa ya kai ta Kwatano. Motocin kuma su dawo da kayan kanti. An kafa masana'antar man gyaɗa a Matameye. Bayan samun mulkin kai a 1960, gwamnati ta kafa SONARA a 1962 don cinikin gyaɗa, ta kuma kafa kamfanin sufuri na ƙasa, SNTN. A shekarun 1960 gyaɗa ce ta fi rabin abin da Nijar ke sayarwa waje. Da kaka ta yi, hanyar Kance ba ta rabuwa da ƙurar motoci.

Yadda ake zama direba a da

Direbobin farko ba su shiga makarantar tuƙi ba. Uba yakan kai ɗansa wurin wani direba ya ce, ga amana. Daga ranar yaro ya zama yaron mota, wasu su ce karen mota. Shi ke wanke mota. Shi ke ɗebo ruwan lagireto. Shi ke ɗaure tampol a kan lodi. In mota ta tsaya a kan tudu, shi ke dirowa da gudu ya sa weji a bayan taya. In ta kafe a rairayi, shi ke haƙa. Da dare maigida ya kwana cikin mota, yaro ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta yana gadin kaya.

A haka yake koyon cire taya, da yin faci, da sauraron kukan inji. Bayan shekaru maigida ya fara ba shi sitiyari a fili, sannan a hanya marar cunkoso. In ya ga hannunsa ya faɗa, sai ya taimake shi ya nemi parmi, wato takardar izinin tuƙi, wadda a Najeriya ake kira lasin.

Wannan koyo yana da kyau wajen sanin mota. Wanda ya tashi a kan Berliet ko Mercedes 911 yakan gyara ta a tsakiyar daji da hannunsa. Amma yana da gibi. Yaro yana ɗaukar halin maigidansa duka, mai kyau da marar kyau. In maigida mai gudu ne, yaro zai yi gudu. Da yawa kuma ba su iya karatu ba. Allon hanya ba ya yi musu magana. Takardar kaya sai an karanta musu, a wani lokaci kuma a cuce su.

Shekarun wahala

Direba yana jin duk abin da ya sami ƙasa kafin kowa. Yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya dagula hanyar Kano zuwa teku, kaya da yawa suka koma hanyar Kwatano. Kafin 2 ga Afrilu 1972, a Najeriya ana tuƙi ta hannun hagu, a Nijar ta hannun dama. Direban da ya ƙetare iyaka sai ya sake hannu. Tun daga wannan rana ƙasashen biyu suka zama hannu ɗaya.

Farin 1973 da 1974 ya kashe dabbobi ya ƙone gonaki. A lokacin manyan motoci ne suka yi jigilar hatsin agaji zuwa ƙauyuka. A 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa, cinikinta bai sake komawa yadda yake ba. Direbobi suka koma ɗaukar wake da dabbobi zuwa Najeriya, wasu kuma suka nufi arewa, inda aka fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971.

An rufe iyakar Najeriya daga 1984 zuwa 1986, daidai lokacin wata yunwa. An sake rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sannan daga 2023 zuwa Maris 2024. Duk lokacin da aka rufe, motoci sukan yi layi, kaya su lalace, direba ya cinye guzurinsa, iyalinsa a gida suna jira.

Darasi uku da aka saya da tsada

Na farko. A hamadar Tenere akwai wata itaciya guda, ita kaɗai a fili fetal. Ayari sun daɗe suna gane hanya da ita. A 1973 wata babbar mota ta buge ta ta faɗi, ana kuma cewa direban a buge yake. An kai gangar jikinta gidan tarihi na Yamai. Ka duba: fili ko'ina, itaciya ɗaya tak, amma aka same ta. Wanda hankalinsa ya gushe, faɗin hanya ba ya amfana masa komai. Haka giya take, haka ƙwayoyi irin su tiramol da wasu ke sha don hana barci. Maganin barci shi ne a tsaya a kwanta.

Na biyu ya shafi Kance kai tsaye. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. A cikinsu 52 yara ne, 33 mata, 7 maza. Da yawansu mutanen ƙasar Kance ne masu tafiya neman abinci. Motoci biyu suka ɗauke su. Ɗaya ta lalace. Ɗayar ta sauke mutane ta juya neman kayan gyara, ita ma ta lalace. Ruwa ya ƙare, ƙishirwa ta gama da su. Gwamnati ta sa aka yi zaman makoki na kwana 3. Allah ya jiƙansu. Tsohuwar mota, da lodin da ya wuce kima, da ƙarancin ruwa, da bin hanyar da ba kowa: waɗannan ne suka haɗu.

Na uku shi ne tankar mai. Tun da aka buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram a 2011, tankoki sun yawaita a hanyoyinmu. Ranar 6 ga Mayu 2019 wata tanka ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai. Mutane suka taru suna kwasar mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 50 suka mutu. A Oktoba 2024 irin haka ta faru a Majiya, jihar Jigawa, inda aka rasa fiye da mutum 150. In ka ga tanka ta faɗi, ka yi nisa, ka kori yara, ka sanar da jandarma. Tururin fetur yana kama wuta tun kafin ka ga harshenta.

Abin da zamani ya kawo

Yau akwai makarantun tuƙi da jarrabawa. Parmi kuma iri-iri ne. Mai harafin B na ƙaramar mota ne. C na motar kaya ne. D na motar fasinja ne. E na mai jan tirela ne. Kai da ka koyi baƙaƙe, yanzu kana iya duba wannan da idonka. Akwai inshora, a 1982 kuma an amince da katin CEDEAO mai ruwan ƙasa-ƙasa don motocin da ke ƙetare iyaka. A 2005 ƙasashen UEMOA suka sa dokar nauyin lodi, shi ya sa ake auna manyan motoci a kan sikeli. Lodin da ya wuce kima yana fasa taya, yana kashe birki, yana farfasa kwaltar da aka yi da kuɗin jama'a.

Ga wani ɗan lissafi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda. Mai gudun 90 tana cin mita 25. In gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke bukata yana ninka huɗu. Motar da ta sha lodi kuwa ta fi wuyar tsayawa. Shi ya sa ake cewa a rage gudu a cikin gari, musamman ranar kasuwa.

Rabonka a ciki

In kai direba ne, duba taya da birki da fitila da ruwa da baƙin mai kafin ka tashi. In mota ta lalace, sa alama nesa da ita gaba da baya. In ka sa ganye ko duwatsu, kwashe su kafin ka wuce.

In kai mai mota ne, kada ka matsa wa direba ya yi kwana biyu ba barci. Biya shi haƙƙinsa, don direban da ba a biya ba shi ke ɗora fasinja a kan kaya.

In kai fasinja ne, kada ka hau saman lodi. Kada ka shiga bayan motar da ta ɗauki shanu. In kai mai amalanke ne, kada ka hau kwalta da dare ba fitila.

In kuma ɗanka yana son aikin mota, sana'a ce mai daraja, ta ciyar da gidaje da yawa. Amma ka fara sa shi karatu, sannan ka zaɓa masa maigida mai natsuwa. Ayarin kakanninmu ba ya tashi sai da malami mai alƙalami. Direban yau shi ne madugu, shi ne jagaba, dole kuma ya zama malamin kansa.

Idan kun haɗu a ajin yaƙi da jahilci, ku tambayi dattawan garinku: wace shekara mota ta fara shigowa, wane ne direban farko a cikinku, me yake ɗauka? Ku rubuta amsar a littafinku, ku karanta wa yara. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.