Karen da aka rage wa hanci: daga Ingila zuwa Araba

Yau ba siyasa ba ce, maganar kare ce. Na san wasu za su ce na rasa abin yi, amma ku daure ku karanta.

A bazarar da ta wuce, ɗan yayana ya tara kuɗin da za su sayi rago na kirki a karar Illela, ya tura wa wani mai kiwon karnuka da ya gani a Instagram. Aka ɗoro masa kwikwiyo a mota tun daga kudu har nan Araba. Buldog ne, irin mai lotsattsen hanci da fatar goshi ninki-ninki. Ranar da na leƙa gidan sai na ji yana munshari alhali idonsa biyu. Na ce, "Kai, wannan lafiya yake kuwa?" Yaron ya ce, "Baffa, ai haka irinsu suke." Bai cika wata biyu ba, wata rana da azahar, ba wuta, fanka a tsaye, karen ya faɗi yana kakari. Kafin a kai shi Sakkwato wurin likitan dabbobi ya mutu.

Yaron bai yi ƙarya ba, haka irinsu suke. Amma mutane ne suka mayar da su haka, kuma an san lokacin da aka fara.

Ma'anar sunan ita ce karen bijimi. A Ingila ta da, ana ɗaure bijimi a turke a sako masa kare ya cafki hancinsa, jama'a na kallo suna caca. Karen wancan zamani, kamar yadda zanen lokacin ya nuna, yana da tsawon ƙafa da ɗan tsawon baki, domin mai aikin ƙarfi dole ya sha iska. A 1835 majalisar Ingila ta haramta wasan, kare ya rasa sana'a. Sai aka shiga zamanin gasar nuna karnuka. An kafa Kennel Club a 1873, masu buldog suka kafa tasu ƙungiyar a 1875, suka rubuta siffar da suke so: ƙaton kai, gajeriyar fuska, hanci ya koma ciki, faɗin kafaɗa, ƙugu ya tsuke. Wanda karensa ya fi lotsewa shi ke cin kyauta, kowa ya kawo karyarsa a haɗa da shi. Aka yi ta haɗa jini ɗaya sama da shekara ɗari.

Ga inda matsalar take. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafin jiki. An rage ƙashin fuskar, amma naman da ke cikin hanci da maƙogwaro bai ragu ba, sai ya cushe hanyar iska. Munsharin da na ji ke nan. To ku ɗauki wannan dabba ku ajiye ta a Illela a watan Afrilu, inda zafi ke wuce digiri 40. Haihuwa ma haka: kan ɗa babba, ƙugun uwa ƙarami. Wani bincike da aka buga a Birtaniya a 2010 ya gano cewa sama da kashi 80 cikin 100 na haihuwar buldog sai an yi tiyata. A 2016 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Debis suka duba jininsu, suka ce dangantakar ta yi kusa har gyara irin daga cikinsa zai yi wuya.

Su kansu Turawan sun fara ja da baya. Tun 2019 Holan ke hana haɗa karen da tsawon bakinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na kansa ba. A Norwai wata kotu a Oslo ta haramta kiwon irin a 2022, kodayake kotunan sama sun sassauta daga baya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, tsallaka Ƙonni ka nufi Tawa, ka ƙara gaba arewa, kana ƙasar Azawak. Buzaye da makiyayan can suna da karensu, dogo, siriri, mai zurfin ƙirji, yana bin barewa da zomo cikin rana. Turawa sun fara kwasar irinsa zuwa Yugoslabiya da Faransa a shekarun 1970, a 2019 kuma babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta ba shi cikakkiyar rajista da sunan yankin. Karnukan mafarautanmu ma kusan ƙirar ke nan. Su suna neman namu, mu muna biyan kuɗin rago a kan wanda suka fara gudu.

Kuma wallahi ba jahilcin dabba ne da mu ba. A kara, ba wanda ke sayen Balami bai buɗe bakinsa ya ga haƙori ba, bai sa an tafi da shi ya ga taku ba. Mafarauci ba ya karɓar kwikwiyo sai ya san gudun uwarsa. Amma da an ce "ɗan waje ne", sai hoto ya wadatar. (Malamai sun ba da damar riƙe kare don farauta da kiwo da gadin gona. Wanne buldog zai iya a ciki? Na bar musu wannan.)

Wanda ya riga ya saya kada ya jefar da shi a titi, amana ce ya ɗauka. Inuwa da ruwa, kada a fita da shi da rana, kada a bari ya yi ƙiba, a yi masa allurar ciwon hauka, kuma kada a haɗa shi don neman 'ya'ya. Wanda ke shirin saye kuma ya ga uwa da uba da idonsa, ya saurari numfashinsu bayan sun ɗan yi tafiya.

Da yaron ya kira mai karen, cewa ya yi laifin zafin garinmu ne, sannan ya yi masa tayin mace da rangwame, wai ya fara kiwo ya mayar da kuɗinsa. Na tambaye shi wa zai yi mata tiyata a Araba in naƙuda ta zo cikin dare. Har yau bai ba ni amsa ba, amma dai bai tura kuɗin ba.