Kyamarar daji: Yadda ake bibiyar dangin barewa da namun dawa masu farauta

Kyamarar daji wata ƙaramar na'ura ce da ake ɗaurewa a jikin itace ko turke, tana ɗaukar hoto da kanta a duk lokacin da dabba ta gitta ta gabanta. Ana kuma kiranta tarkon hoto, domin ɗana ta ake yi a kan hanyar dabbobi kamar yadda maharbi ke ɗana tarko. A yau tana cikin manyan hanyoyin da masana ke bi wajen tantance namun dawan da suka rage a dazukan Najeriya.

Asalinta

Wani Ba'amurke mai suna George Shiras ne ya yi fice a wannan fasaha tun a shekarun 1890, inda ya riƙa ɗaura zare a hanyar dabbobi a jihar Michigan, ta yadda dabbar da ta taɓa zaren ita ce ke ɗaukar kanta hoto. Mujallar National Geographic ta buga hotunansa a 1906. A shekarun 1990 kuma masanin ƙasar Indiya, Ullas Karanth, ya yi amfani da ita wajen ƙidayar damisar Asiya mai ratsi-ratsi, lamarin da ya mayar da ita cikakken kayan aikin bincike.

Yadda take aiki

Kyamarar zamani tana da na'urar da ke jin ɗumin jiki da motsi. Da zarar dabba ta shigo, sai ta ɗauki hoto ko gajeren bidiyo, ta kuma rubuta rana da lokaci. Da dare tana amfani da wani haske da idon mutum ba ya gani, shi ya sa hotunan dare ke fitowa baƙi da fari. Batir ne ke riƙe da ita na tsawon makonni, hotunan kuma suna taruwa a katin ajiya.

Akan ɗaure ta daidai tsayin gwiwa, a bakin mashaya, ko wurin lasar kanwa, ko kan turbar da sawu ya yi yawa. Ana fuskantar da ita kudu ko arewa don kauce wa hasken fitowar rana da faɗuwarta, sannan a share ciyawar gabanta, domin kaɗawar iska kan cika katin da hotunan wofi.

Dabarar ƙidaya

Kowace damisa tana da zanen jikin da babu mai irinsa, don haka akan kafa kyamarori biyu suna kallon juna, a ɗauki ɓangarorin jikinta biyu, a gane ta idan ta sake dawowa. Gada da mazo da gwanki da kanki kuwa suna da wuyar bambancewa ɗaya bayan ɗaya, saboda haka ana lissafa yawan fitowarsu ne a cikin adadin kwanakin da kyamara ta yi a ɗane.

Dalilin bibiyar rukunin biyu tare shi ne rayuwarsu a sarƙe take. Idan farauta ta rage dangin barewa, zaki da damisa da kura kan rasa abinci, su koma kan dabbobin makiyaya, daga nan kuma sai ramuwa da guba ko bindiga.

Abin da ta gano a Najeriya

A gandun dajin Yankari na Jihar Bauchi, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, an daɗe ana zaton damisa ta ƙare, har sai da kyamarar ƙungiyar kare namun dawa ta WCS ta ɗauki hoton wani namiji a watan Afrilun 2017. A watan Yulin 2020 ƙungiyar ta fitar da hotunan garken goggon birin Kuros Riba tare da 'ya'yansu a tsaunukan Mbe, shaidar cewa suna hayayyafa.

Irin wannan shaida na da muhimmanci musamman ga zakin Afirka ta Yamma. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya ƙiyasta cewa kimanin 400 ne kacal suka rage a yankin, kuma a Najeriya Yankari da Kainji kaɗai aka same su.

Amfaninta ga Filato

Duwatsun da ke kewaye da Jos suna cikin 'yan wuraren da aka san gadar dutse a Afirka ta Yamma. Gabas da unguwanni irin su Rikkos akwai tsaunukan Shere da dajin Amurum na ƙauyen Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis ta Jami'ar Jos take. Yayin da gine-gine da fasa dutse ke ƙara matsowa, kyamarar daji hanya ce mai sauƙin kuɗi ta sanin ko gada da agwada da dila na nan, da kuma turbobin da suke bi.

Ƙalubale

Gobarar daji a lokacin rani da ƙurar hunturu kan lalata na'urar, yayin da wasu mafarauta ke sacewa ko fasa ta don gudun kada a gane su. Wannan ne ya sa ake sanar da masu unguwanni da shugabannin maharba kafin a kafa ta, a kuma ɓoye ainihin wurin da aka ga dabba mai daraja. Hoton da aka samu hujja ce ta tsara sintirin masu gadin daji, kuma sintirin ne ke kare dabbar.