Imam Gazali da Matakan Sani

A shekarar 1095 Imam Gazali ya ajiye koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ya bar garin. Ya daɗe yana fama da tambaya ɗaya: wane sani ne tabbatacce?

Da ido ya fara, sai ya tarar ido kan yi ƙarya: yana nuna maka tauraro kamar kwabo, alhali ya fi duniya girma. Hankali ne ya ƙaryata idon. To, shi hankalin fa, wa ya tabbatar ba ya kuskure? A ƙarshe ya tsaya kan sanin ɗanɗano, wanda sai da aiki ake samunsa, don sanin ma'anar ƙoshi daban, ƙoshin kansa daban.

Mu nan Sabo muna tura yara allo da boko. Na ukun nan fa, wa ke koya musu?