Zarton Disston: Tsohon Kayan Aikin da Aka Ƙera Domin a Riƙa Gyara Shi

A kasuwannin gwanjo na Amurka, har yau ana tsintar zarton hannu da ya haura shekara ɗari a duniya, ya yi jawur da tsatsa, mariƙinsa yana girgiɗi, ana sayar da shi a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Kafintan da ya san kan sana'arsa tsatsa ba ta firgita shi. Abin da yake fara dubawa shi ne ɗan tambarin tagullar da ke manne a mariƙin. In ya ga sunan Disston, ya san wahalar gyaran ba za ta tashi a banza ba.

An haifi Henry Disston a garin Tewkesbury na ƙasar Ingila a 1819. Ya sauka Filadelfiya a 1833 tare da mahaifinsa, wanda ya rasu kwanaki kaɗan da isarsu. Yaron ya shiga koyon ƙirar zarto, kuma a 1840 ya buɗe tasa maƙerar. A lokacin, kafintocin Amurka sun fi yarda da kayan Shefild, birnin Ingila da ya yi suna wajen narka ƙarfe tun bayan da Benjamin Huntsman ya gano hanyar tace shi a tukunya cikin shekarun 1740. Disston ya gane cewa muddin daga can zai riƙa sayo ƙarfe, ba zai taɓa wuce su ba. A 1855 ya fara narka nasa. A 1865 kuma ya fara ƙera magagari, abin da ake wasa haƙoran zarto da shi. Daga 1872 ya soma kwashe masana'antar zuwa Tacony, a bakin kogin Delaware, inda aka gina wa ma'aikata gidaje, aka kuma hana sayar da barasa a filayen kamfanin. Ya rasu a 1878, 'ya'yansa suka ci gaba.

Zarton da ya fi fito da sunan gidan shi ne D-8, wanda asalinsa ya koma 1874. An ɗan rage masa ƙarfe ta baya, bayan ya lanƙwasa, don ya yi sauƙi a hannu, sannan aka shigar da mariƙin cikin gindin ruwan zarton, hannu ya matso kusa da inda ake yanka. Ana kuma goge ruwan ya fi kauri wajen haƙora, ya sirance zuwa baya, shi ya sa ba ya maƙalewa a cikin katako. Mariƙin na itacen tuffa ne, mai tauri da santsi.

Mai gyara yana farawa da ruwan zarton. Ya kankare tsatsar sama da reza, sannan ya naɗa sanfefa mai laushi a jikin ɗan katako shafaffe, ya riƙa gogawa da ɗan kananzir, yana bin tsawon zarton. Dalilin katakon shi ne akwai rubutun kamfani da aka zana a ruwan, wanda bai yi zurfi ba. In aka goga da yatsa, ya tafi ke nan. Tsatsar da ta ci rami a tsakiya ba ta hana aiki, amma wadda ta ci wajen haƙora matsala ce, domin haƙorin zai riƙa gutsurewa. Idan ruwan ya karkace, sai a kai shi kan uwar maƙera a bi shi da guduma sannu a hankali. Wannan sana'a ce mai zaman kanta a tsofaffin masana'antu, kuma masu yinta na cikin ma'aikatan da aka fi ji da su.

Inda gizo ke saƙar shi ne notunan tagullar da ke riƙe mariƙi da ruwa. Ƙanana ne, amma su ne suka fi ɓata, kuma su suka fi wuyar samu. Kafin tsakiyar shekarun 1870, ana zuba su ne a cikin yashi. Kowanne yana da namiji da mace: namijin siriri ne, macen kuma tsagarta ta rabu biyu, ƙarshen namijin ya leƙo a tsakiya, don haka sukundireba na yau da kullum ba ya kama ta, sai wanda aka yi wa giɓi a baki. Bayan an ɗaure su a masana'anta, sai a goge su su yi daidai da fuskar katakon. Ma'ana, kowane noti da raminsa. In ka sauya musu wuri, ba za su zauna ba. Tagullar tana da taushi, murɗi ɗaya na ganganci ya isa ya cinye tiredin. Shi ya sa masana ke cewa in irin wannan mariƙin bai yi sako-sako ba, a bar shi yadda yake, a gyara zarton da shi a jiki. Ina ganin wannan shawara ta fi kowace daraja, domin yawancin tsofaffin zartunan da aka lalata, masu son gyara su ne suka lalata su.

A 1876 Disston ya yi rajistar sabon noti mai kumburarren kai, wanda ake iya ƙara ɗaure shi ba tare da fargaba ba. A 1887 wani mai suna Charles Glover ya zo da wanda ya fi shi kauri da ƙarfi, shi ne kuma ya zama abin da kusan kowane kamfanin Amurka ke amfani da shi. Wanda zartonsa ya fito bayan wannan shekara, neman noti ba zai ba shi wuya sosai ba: ya sayi wani mataccen zarto na zamaninsa, wanda ruwansa ya karye ko ya cinye, ya cire nasa. Wanda nasa ya girmi haka kuwa, kada ya yarda a faɗaɗa ramin don a sa sabon noti. Ƙarfen zarto yana da tauri, yana iya tsagewa, kuma an ɓata abin da ba ya dawowa. Gara ya jira har ya dace da irinsa, ko ya kai samfur wurin mai injin fere ƙarfe a yi masa.

Tambarin nan ma noti ne, sai dai ya fi sauran faɗi, kuma shi ke faɗin shekarun zarto. Na farko-farko suna ɗauke da hoton gaggafa. Daga 1865 aka ƙara ambaton ɗa a sunan kamfanin, bayan Hamilton, ɗan Henry, ya shigo harkar mahaifinsa, daga 1871 kuma ya koma 'ya'ya. A wajen 1940 sunan Filadelfiya ya fita, na ƙasar Amurka ya maye gurbinsa. Duk wanda ya ɗauko tambarin wani zamani ya sa wa zarton wani zamani, ya rikita tarihin ga wanda zai gaje shi.

Mariƙi bai cika ba da wahala ba. In ƙahonsa ya ɓalle, a dasa masa guntun itace mai kama da shi da gam, a sassaƙe, a shafe da mai.

Sai haƙora. Ana fara bin kansu da shafaffen magagari don tsayinsu ya daidaita. Sannan a matse ruwan tsakanin katako biyu, a bi kowane giɓi da magagari mai kusurwa uku. Zarton tsaga katako a tsaye ana wasa shi kai tsaye, na yankan gicciye kuma a karkace, haƙoransa su fito kamar 'yan wuƙaƙe. Akwai kuma ɗan lanƙwasa haƙoran, ɗaya dama ɗaya hagu, don hanyar yankan ta fi kaurin ruwan. Kowane washi yana cin ƙarfe kaɗan, shi ya sa ake ganin zarton da ya sirance har bakinsa ya yi tsini: shaidar shekarun da ya yi yana ciyar da wani gida.

A 1955 iyalan Disston suka sayar da kamfanin ga H.K. Porter. Zarton lantarki ya riga ya karɓe kasuwa, ingancin na hannu ya yi ta ja da baya. Daga baya aka cika kasuwa da zarto mai mariƙin roba da haƙora baƙi-baƙi, irin wanda ake gani a shagunan kayan gini har a garuruwanmu. An ƙona haƙoransa da lantarki har sun fi ƙarfin magagari. Yana daɗewa bai dakushe ba, amma ranar da ya dakushe, sai bola. Abin da ya fi damuna shi ne yaron da ya koyi kafinta da irinsa ba shi da dalilin koyon wasa zarto, ilimin kuma haka yake mutuwa.

Daga shekarun 1990 ƙananan maƙera sun farfaɗo da tsohon salo. Lie-Nielsen da ke jihar Maine yana ƙera zarto mai noti irin na da, har da sukundireban kwance shi, a Shefild kuma kamfanin Thomas Flinn bai daina ba. Abin da masu gyara ke kuka da shi yanzu shi ne magagari. Kamfanin magagari na Nicholson, wanda aka kafa a 1864, ya mayar da aikinsa Meziko da Barazil, masu wasa zarto da dama kuma suna cewa kaifin ba kamar da ba. Saboda haka wasu sun koma ga na Bahco da ake yi a Fotugal ko na Vallorbe daga Suwizalan, wasu kuma suna bin gwanjo suna neman tsofaffin kwalayen magagarin da ba a taɓa buɗewa ba.