Kulle Fim: Makullin da Mabuɗinsa ke Hannun Kowa

A 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Sony da Universal cewa naɗar shirin talabijin a gida don kallo daga baya bai saɓa doka ba. Daga nan kamfanonin fim suka koma neman kariya a cikin na'ura. A 1985 aka sa Macrovision a kaset ɗin The Cotton Club: ɓoyayyun sigina da ke ruɗar da bidiyo mai naɗa, hoton kwafi ya riƙa yin haske yana dusashewa. Faifan DVD ya zo a 1996 da kullen CSS, amma a 1999 matashi ɗan Norway, Jon Lech Johansen, da wasu suka fitar da DeCSS mai buɗe shi. Mabuɗin AACS, kullen Blu-ray, shi ma ya bazu a intanet a 2007.

Sanadin faɗuwar CSS da AACS ɗaya ne: dole a miƙa wa na'urar mai kallo mabuɗi kafin fim ya fito, kuma abin da ke hannun miliyoyin mutane ba ya zama sirri. Masu kare tsarin na cewa ya rage kwafin gida, kuma gaskiya ne. Sai dai babban ɓarawon fasaha kwafi ɗaya buɗaɗɗe yake bukata ya buga dubbai, yayin da mai sayen halal ke fama da faifan da ya ƙi aiki saboda lambar yanki, wato alamar da ke hana faifan wani yanki aiki a na'urar wani yankin. Haƙƙin masu shirya fim wajibi ne a kare shi, kuma tarihin nan ya nuna farashi mai sauƙi da samun fim cikin hanzari sun fi kowane kulle tsare shi.