Daga tukunyar Katako zuwa kubit: taƙaitaccen tarihi

1. Gabatarwa

A kasuwar Katako, cikin unguwar Bukoki ta Yamai, maƙera na narkar da tsohon alminiyom a zafin digiri 660 su zuba tukwane. Shi wannan ƙarfe, in an sanyaya shi ƙasa da kelbin 1,2, lantarki na ratsa shi ba turjiya. Da shi ake ƙera yawancin kubit na wannan fanni, wato ƙwayar lissafin kwamfutar kwantom. Manufarmu ita ce mu bi diddigin yadda aka kai ga sarrafa ta.

2. Lissafi

A 1932, Landau, Zener, Stückelberg da Majorana, kowa da nasa aiki, sun nazarci abu mai matakin makamashi biyu. Sun nuna cewa in aka ratsa da shi ta inda matakan ke kusantar juna, halinsa na rabuwa biyu. Stückelberg ya ƙara da cewa in aka sake ratsawa, rassan biyu na gamuwa, su ƙarfafa juna ko su kashe juna, kamar igiyoyin ruwa. Kan atom suka yi lissafin.

3. Na'ura

A 1962 Josephson ya bayyana yadda lantarki ke ƙetare siririn shinge tsakanin irin waɗannan ƙarafa biyu. A 1984-1985, a Berkeley, Clarke, Devoret da Martinis sun haska gajerun igiyoyin rediyo kan wannan mahaɗa, suka tabbatar tana da matakan makamashi kamar atom. Aikin ya ba su kyautar Nobel ta 2025. A 1999 Nakamura ya sarrafa kubit na farko na wannan fanni a Japan. A 2002, a Saclay ta Faransa, an juya halin kubit da igiyoyin rediyo yadda ake so. A 2005, a MIT, ƙungiyar Oliver ta auna gamon da Stückelberg ya lissafa.

4. Kammalawa

Shekara 73 ke nan tsakanin lissafi da awo. Awon na bukatar firjin da ke sauka kusan kelbin 0,02, mai tsadar gaske. Lissafin kuwa alli da allo ya ishe shi. Don haka muke ganin rashin na'ura ba hujja ba ce ta hana ɗalibanmu wannan darasi.