Daga Karofi Zuwa Rafin Getsi

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da na lura da shi a gidanmu a Nassarawa. Bara kaɗai yayata ta ɗinka anko bakwai, yawancinsu sun koɗe tun a wanki na biyu. Amma koren da kakanmu ya bari tana nan cikin adaka, shuninta bai gushe ba. Wannan ya sa na bi diddigin tarihin rini a Kano.

Rini tsohuwar sana'a ce a ƙasar nan. An ce tun 1498 aka haƙa karofin Ƙofar Mata, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Baturen nan Barth, wanda ake kira Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana kai tufafinta har Tambutu da Tarabulus. Turkuɗin Kura kuwa, Buzaye ba su da rawanin da ya fi shi.

Kayan aikin marinan dā su ne baba da toka da ruwa, a bar su kwanaki cikin rami har su nuna. In ruwan ya mutu, sai a kwashe laka ta ƙasa, a shanya, a ƙone, ta zama katsi. Da katsin nan ake tayar da sabon rini, da shi kuma ake haɗa laso na shafe ramuka da soraye. Wato ɗan abin da ake zubarwa bai taka kara ya karya ba.

A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa da sinadari. Turawa suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, kayan waje suka yi ta kwararowa. Daga baya aka kakkafa masaƙu da majemu a Bompai, maƙwabciyarmu, sannan Sharaɗa da Challawa. Dubban mutane sun sami aiki, wannan gaskiya ne. Sai dai ruwan dattin Bompai rafin Getsi yake bi, ya haɗu da Jakara, ya tafi madatsar Wasai. Da shi masu lambu ke ban-ruwa, kuma binciken masana ya sha nuna gubar ƙarafa, irin su dalma, cikin ruwan da ganyayen. Latas ɗin nan kuwa har teburin Nassarawa yake zuwa.

Daga wajen 1997, da aka buɗe ƙofa ga yadin waje, masaƙunmu suka yi ta rufewa. Kantin Kwari ta cika da atamfar Sin, Ƙofar Wambai da gwanjo. Marinan zamani kuma sun koma garin rini da soda mai cin fata, suna tuttular da ragowar cikin kwata. Duk wanda ya dubi hannuwansu ya ga shaida.

'Yan'uwana ɗalibai, Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ni na ƙara da cewa kuɗin da mai saye bai biya ba, marini da mai lambu da mai shan ruwan rijiya ne ke biya da lafiyarsu. Kafin mu yanki anko na gaba, mu tuna da su. Allah Ya ganar da mu, amin.